Yadda na kama shago a plaza a Kaduna: ashe ƙafa ake haya, ba ɗaki ba

Shekara huɗu ina sayar da turaren wuta da humra da abaya daga falon gidana a Unguwar Dosa. Ciniki na tafiya, alhamdulillahi, amma gidan ya koma kamar tasha. Wannan ta yi sallama ina tsaka da tuƙa tuwo, waccan ta aiko mai Napep ƙarfe tara na dare. Ranar da maigidan ya dawo daga aiki ya tarar da mata biyar da 'ya'yansu a falo, har ya rasa inda zai zauna ya cire takalmi, a ranar ya ce lokaci ya yi da zan nemi shago. Ƙarshen Janairun 2024 ke nan, azumi saura kamar mako shida, ni kuma burina in buɗe kafin a shiga cinikin salla. Na kwashi adashi, na sayar da wata sarƙa tawa, na haɗa naira miliyan 1 da dubu 200. A lissafina wannan ya isa har da canji, don a lokacin gani nake shago shago ne: bango huɗu da ƙofa. Ina rubuta wannan ne saboda mata da yawa suna tambayata yadda na yi, kuma ba na so wata ta yi asarar da na yi kafin in gane kan abin.

Ta hannun wata maƙwabciyata na samu dillali. Kafin ya taka ko'ina ya ce in ba shi dubu 5 na zagaye, kuma kuɗin Napep a wuyana, wai tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ya daina fita a kyauta. Na biya. Inda ya fara kai ni wani tsohon bene ne a kan Ahmadu Bello Way, ba nisa da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Jama'a kam ba masaka tsinke. Ya nuna mini wani shago a ƙasa, bakin titi, ya ce miliyan 2 a shekara. Da ya ga na yi shiru sai ya ce akwai wani a sama, dubu 600. Muka ratsa wani lungu, muka zagaye bayan janareta, muka kama wata matattakala mai duhu har sai da na kunna fitilar waya. Da ya buɗe ɗakin na ga girmansu ɗaya da na ƙasan, tayil iri ɗaya, fenti iri ɗaya.

Na ce, “Malam, wannan da wancan ai ba su da maraba. Me ya kawo wannan tazara haka?”

Ya yi dariya ya ce, “Hajiya, ai ba ɗaki kike haya ba, ƙafa kike haya. Inda ƙafa take bi, nan kuɗi yake.”

Na ɗauka zancen dillalai ne kawai, na bar shi a nan.

Wuri na biyu a Malali ne, gidan zama da aka yanka ɗakunansa aka mayar shaguna. Dubu 450. Sauƙin kuɗin ya ja ni, amma katangar gidan tana nan yadda take, wanda ke kan titi ba zai taɓa sanin ana sayar da wani abu a ciki ba. Ƙofofin ma irin na ɗakin kwana ne, kanta ba za ta shiga ba sai an kwance ta. Na kira yayana a waya na ba shi labari, ya ce in tambaya ko mai gidan yana da izinin mayar da wurin na kasuwanci, domin a Kaduna KASUPDA ce ke ba da izinin gini, takardun fili kuma suna hannun KADGIS. Da na tambaya sai dillalin ya fara kame-kame. Duk wanda ya zauna a garin nan daga 2019, lokacin da aka fara aikin sabunta birni, ya ga yadda aka faɗaɗa tituna, ya kuma ga jan fenti a jikin katangu. Ban ƙara waiwayar wurin ba.

Washegari ya kai ni wata sabuwar plaza a wajen Unguwar Rimi, kuma a nan labarin nawa yake. An gina ta ne kamar harafin U, ƙasa da bene hawa biyu, filin ajiye motoci a tsakiya, ƙofofin shaguna duk suna kallon filin in ban da guda huɗu da ke kallon titi. Manajan ya miƙo mini takardar farashi, na tsaya ina karantawa kamar mai duba sakamakon jarrabawa. Na ƙasa masu kallon titi miliyan 2 da rabi, kuma duk an kama. Na ƙasa da ke gefe da gefe miliyan 1 da dubu 800. Na can ƙurya miliyan 1 da dubu 400. Hawa na ɗaya daga dubu 850 zuwa miliyan 1 da dubu 100, gwargwadon inda shagon yake. Hawa na biyu dubu 650 kowanne. Gini ɗaya, mai shi ɗaya, siminti ɗaya, yawancin shagunan ƙafa 12 ne da ƙafa 14, amma na sama bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin na bakin titi ba.

Idona ya tsaya a kan dubu 650. Na hau na gani, ɗaki fes, ga iska, ana hango gari. Na ce wa kaina ai ni kwastomomina a WhatsApp suke, duk inda na je za su bi ni. Dillalin ya ce akwai wasu mutum biyu da ke son wurin, in ina so in ajiye wani abu. Na tura dubu 50 kafin alƙalami a tsaye a nan, ba tare da na shawarci kowa ba. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya fi tsada.

Bayan kwana biyu na ɗauko Gwaggona, yayar mahaifinmu, don ta sa albarka. Ita ce ta koya mini haɗa turare, kuma ƙawayenta su ne manyan masu saye a wurina, irin hajiyoyin da ke sayen na aurar da 'ya kwalba ashirin a zama ɗaya. Mun hau hawa na ɗaya lafiya, tana tafe tana dafa bango. Da muka kama na biyu, a daidai inda matattakalar ta karya kwana, sai ta tsaya. Ta dafa gwiwa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana laluben ƙarfen riƙewa, babu shi a wannan gefen. A lokacin na lura matakan ba su daidaita ba, wani ya fi wani tsawo, na ƙarshen ma sai ka ɗaga ƙafa sosai. Ta zauna a kan mataki tana mayar da numfashi, mayafinta ya zamo kafaɗa, ta ɗago ta dube ni.

“Ke 'yar nan, wa kike tsammani zai hau nan saboda turare? Ni dai ko kyauta kike rabawa, a aiko mini gida.”

Ba ta ƙarasa hawan ba. Muka sauko a hankali, ina riƙe da jakarta, jikina a sanyaye. A daren na kira dillali na ce na fasa. Aka yi kwana huɗu ana ja-in-ja kafin a dawo mini da dubu 30, wai sauran sun tafi a ɓata lokacin da na yi musu. Ba ni da takarda ko ɗaya da ta ce za a mayar mini da kuɗin in na fasa, don haka na haɗiye.

Ƙanin maigidana ya karanci harkar kula da gidaje da ƙiyasta darajarsu a Kadpoly, kuma sai da na yi wannan asarar na tuna da shi. Ya zo ranar Asabar da tef ɗin awo a aljihu yana tsokanata, “Matar Yaya, kin je kasuwa ba ki tafi da ɗan gari ba.” Muka koma plazar. A hawa na ɗaya akwai shaguna biyu da ba a kama ba waɗanda fasalinsu ya bambanta da sauran, saboda suna jikin matattakala. Ɗaya dogo ne siriri, dubu 950. Ɗayan mai faɗi ne amma bai da zurfi, ga ginshiƙi tsaye kusan a tsakiyarsa, miliyan 1 da dubu 100. Ni dogon nake so, don ya fi girma kuma ya fi araha. Ya auna: dogon faɗinsa ƙafa 9, zurfinsa 30. Mai faɗin kuwa ƙafa 18 a gaba, zurfi 13. Ya buga a waya, dogon ya ba da 270, ɗayan 234. Na ce to ka gani.

Ya ce ban gani ba tukuna. A Ingila, in masu ƙiyasta haya za su sa wa shago kuɗi, ba sa ɗaukar duk faɗin ɗakin da daraja ɗaya. Suna yanka shi ne daga bakin ƙofa zuwa ciki, ƙafa 20 ƙafa 20. Yanki na farko shi ke da cikakken farashi, na biyu rabi, na uku rabin rabi, saboda abin da mai wucewa ya gani daga waje shi ke jawo shi, kuma mutane ba su cika kutsawa can ƙuryar shago ba. In aka bi wannan lissafi, ƙafa 10 na ƙarshen dogon shagon rabi za a ƙirga su, sai 270 ɗin ta dawo 225, alhali mai faɗin duk 234 ɗinsa a yankin farko suke. Ya ce masu plaza a nan ba sa zama su yi wannan lissafi a takarda, amma idonsu ya san shi, shi ya sa suka fi tsuga wa mai faɗin kuɗi. Ya ƙara da cewa a manyan kantuna irin Galaxy Mall da ke titin Waff, wanda yanzu ake kira Muhammadu Buhari Way, al'adar irin waɗannan wurare ita ce a yi haya da murabba'in mita, kuma babban kantin da ke jawo jama'a ya fi kowa samun rangwame a kan kowace mita, ƙananan shagunan da ke kan hanyar zuwa wurinsa su ke biya da tsada, don ƙafar da yake jawowa suke ci. Sai maganar dillalin nan ta dawo mini.

Bai tsaya nan ba. Ya sa na tsaya a ƙofar kowane shago ya tambaye ni ina gabas. Dogon yana ɓangaren da ke kallon yamma, wato daga azahar zuwa la'asar sakaliya rana a cikinsa za ta wuni. Duk mai sayar da humra ta san abin da zafi ke yi wa kwalba, kuma baƙar abaya in ta yi wata guda a rataye a rana sai ta koma kamar ta gwanjo. Mai faɗin yana kallon gabas, hantsi kawai yake sha. Ya nuna mini sama ya ce hawa na ɗaya dekin ne a kansa, shi ya sa yake da sanyi, amma hawa na biyun da na so kamawa kwano ne da silin marar kauri, in Maris da Afrilu suka zo sai in gudu da ƙafata ko in ƙare a kuɗin wuta. Iskar da na ji ranar nan ta ƙarshen hunturu ce. Daga nan ya ba ni aiki: kada in biya ko kwabo sai na zauna na ƙirga mutanen da ke hawa kowace matattakala.

Na ji kunya da farko, amma na yi. Talata da Juma'a da Asabar, daga ƙarfe 11 zuwa magariba, ina zaune a benci kusa da Baba maigadi da ɗan littafina ina jan layi. Matattakala biyu ce a ginin. Ta hagu tana daf da get, kusa da kemis da mai POS, duk wanda ya fito daga mota bakinta yake fara gani. Ta dama an tura ta can baya, bayan tankin ruwa, jikin banɗakuna, in iska ta juyo sai ka toshe hanci. Ranar Asabar na ƙirga mutum 143 sun hau ta hagu, 31 ta dama. Waɗanda suka wuce har hawa na biyu ba su fi 12 ba, su ma yawancinsu wurin wani tela suka je. Mai faɗin nan shi ne shagon farko da mutum zai ci karo da shi in ya gama hawa ta hagu. Dogon yana bakin ta dama.

Baba maigadi ya ƙara mini da wani abin da ba ya cikin littafi. A rana ta biyu, da ya gane abin da nake yi, ya ce, “'Yata, ki duba titin ma.” Titin mai hannu biyu ne da dakali a tsakiya, plazar kuma tana hannun masu dawowa gida daga cikin gari da yamma. Ya nuna mini wata plazar a tsallake, wadda ta fi wannan kyan gini, ya ce shagunanta sun fi araha, domin mai mota in yana so ya shiga sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya samu inda zai yi kwana, ga shi sun cinye filinsu da gini, mota shida ta cika wurin. Matar da ta taso daga aiki a gajiye ba za ta yi wannan wahalar don kwalbar turare ba.

Ranar Litinin na shiga ofishin manaja tare da yayana. Fom dubu 10, ba a mayarwa. Suka nemi hoto fasfo biyu, takardar NIN, takardar rajistar sunan kasuwanci ta CAC, wadda Allah ya taimake ni na riga na yi, da mutum ɗaya da zai tsaya mini, shi ma da hotonsa da katin shaidarsa. Yayana ya nemi ganin izinin ginin, manajan ya ɗan ɓata rai amma ya ciro kwafi daga durowa. Sai ciniki. Na ce, “Yallaɓai, ginshiƙin nan ya cinye mini wurin kanta guda, kuma wata nawa shagon yana rufe saboda shi?” Wannan Baba maigadi ne ya tsegunta mini, cewa mutum uku sun gani sun fasa saboda ginshiƙin. Manajan ya ce ba shi da ikon ragewa sai Alhaji mai ginin ya dawo daga tafiya. Kwana tara ina jira, kullum ina kira ana cewa gobe, azumi kuma yana matsowa. A kwana na tara aka ce Alhaji ya yarda da miliyan 1 cif.

Murnata ba ta daɗe ba, don a nan sauran kuɗaɗen suka fito. La'adar dillali kashi 10 cikin ɗari, dubu 100. Kuɗin lauya su ma kashi 10 suka ce, yayana ya yi ta fama har aka tsaya a dubu 50. Dubu 100 na ajiya da za su riƙe saboda ɓarna, sai ranar da zan tashi. Sai kuɗin hidima na shekara, dubu 180, na gadi da shara da ruwa da fitilun waje. Da fom, jimla miliyan 1 da dubu 440. Abin da ke hannuna bai kai ba, sai da yayana ya ranta mini cikon. Na tambaya ko na ƙasa sun fi mu biyan kuɗin hidima tunda sun fi mu morar filin mota, aka ce kowa daidai yake biya. Har yau ina ganin wannan ba adalci ba ne, musamman ga na hawa na biyu, waɗanda kuɗin hidimarsu ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na hayarsu.

Takardar yarjejeniyar shafi shida ce da Turanci, kuma saura kaɗan in sa hannu ban karanta ba. Ƙanin maigidana ya karɓa ya bi ta layi-layi. An hana fasa bango ko canza ƙofa sai da izini a rubuce. Allon suna sai a inda suka ware, a jikin baranda, girmansa kuma ƙayyadadde. Ana rufe get ƙarfe 9 na dare, abin da ya dame ni, don cinikin goman ƙarshe na azumi bayan tarawihi yake kankama. Sannan ga wani layi da ya hana kunna wuta ko garwashi a cikin shago. Ni da nake sayar da turaren wuta! Wace mace ce za ta sayi turare ba ta ji ƙamshinsa a kasko ba? Muka koma wurin manaja, aka ƙara da biro cewa an yarda in yi amfani da kaskon lantarki, a kuma bar get zuwa 11 a watan azumi, kowa ya sa hannu a gefen gyaran. Daga nan muka kai takardar ofishin haraji aka buga mata hatimi, na kuma yi rajistar wurin kasuwanci. Kuɗin ta banki aka biya aka kawo shaida, domin dokar haraji ta jihar ta hana karɓar kuɗin haraji a hannu. Duk wanda ya zo shagonki ya ce ki ba shi tsaba, ki nemi takarda. Wannan ya ci mini yini guda.

Gyaran shago ya ci dubu 420, kafinta da mai gilashi da mai wayarin. Faɗin gaban nan da na yi murna da shi ya rama a kuɗin gilashi, don ƙafa 18 ba wasa ba ne. Ginshiƙin kuwa kafintan ya ba da shawara aka lulluɓe shi da madubi ta fuska biyu, ɗaya fuskar aka jera ƙananan kantoci na kwalabe. Yanzu duk wadda ta gwada abaya a gabansa take tsayawa. An fara azumi ranar 11 ga Maris, ni na buɗe ranar huɗu ga azumi.

Abin da ban duba ba, kuma ba wanda ya tuna mini, shi ne wayarin ginin. Shagunan ƙasa kowanne da mitarsa. Mu na sama, mita ɗaya ce ga hawa guda, a raba kuɗin daidai. A farkon Afrilun 2024 aka ƙara wa 'yan Band A, wato layukan da suka fi samun wuta, kuɗin wuta zuwa naira 225 kowane yunit, daga ƙasa da naira 70, kuma layinmu yana ciki. A hawanmu akwai mai gyaran gashi da na'urorin busar da kai guda uku, ni kuwa fanka biyu ce da ƙwai shida da kasko. Rabon farko da aka kawo bayan ƙarin, sai da na zauna. Aka yi taro, aka ɗaga murya, har ni da mai gyaran gashin muka yi mako biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu, alhali ba laifinta ba ne, laifin wanda ya ja wayar ne. Daga baya kowa ya sayi ƙaramar mita aka ɗaura masa, ni tawa dubu 35 da kuɗin aiki.

Damina ta nuna nata. Rufin barandarmu gajere ne, in ruwa ya zo da iska daga gabas har bakin gilashina yake feshi, sai na sa tsumma a ƙasan ƙofa. Wannan mai sauƙi ne. Wani ruwa da aka yi cikin Agusta, ina tsaye a baranda na ga yadda filin motar ya koma tafki. Ashe an karkata shimfiɗar filin ne zuwa ciki maimakon zuwa titi, magudanar kuma ƙarama ce, leda biyu ta toshe ta. Ruwan ya tafi kai tsaye shagunan ƙurya na ƙasa, waɗanda ke biyan dubu 400 sama da ni. Wani mai sayar da takalma ina kallonsa ya naɗe wando yana ɗora kwalaye a kan kujera, yaronsa yana kwarfar ruwa da bokitin fenti. A hawa na biyu kuma kwano ya yi yoyo a shaguna uku.

Ga wadda za ta nemi shago, abin da zan ce shi ne ta fara tambayar kanta wace irin ƙafa sana'arta take buƙata. Tela da lauya da mai koyar da kwamfuta, mutum takanas yake zuwa wurinsu, ko a hawa na biyu suke zai hau, kuma su arahar saman riba ce a gare su. Mai kemis da mai POS da mai kayan sanyi ba su da zaɓi sai ƙasa, ko nawa ne. Irina muna tsakiya: rabin masu sayena sun san ni, rabi kuma gilashin ne ya kira su suna kan hanyar zuwa gyaran gashi. Kada ki ba da kafin alƙalami sai an rubuta abin da zai faru in kin fasa. Ki je da tef, ki je da tsohuwa ta hau matattakalar, ki je da la'asar ki ga inda rana take faɗawa, ki tambayi mita, ki dubi gindin bango ko akwai shatin ruwa. Ki ware aƙalla rabin kuɗin hayar a gefe saboda la'ada da lauya da hidima, ban da gyara. Kuma ki yi hira da maigadi, don ya fi dillali sanin ginin, ba ya kuma jiran kashi 10.

Da shekara ta zagayo aka kawo takardar sabuntawa, ƙarin ma bai zo daidai ba. Na bakin titi an mayar da su miliyan 3 da rabi, ba wanda ya motsa. Nawa ya koma miliyan 1 da dubu 250. Hawa na biyu dubu 50 kacal aka ƙara, duk da haka shaguna huɗu a rufe suke. Dogon shagon nan da na so kamawa, mutum biyu sun shiga sun fita, yanzu wani ya mayar da shi sito. Gwaggo takan zo duk bayan mako biyu, ta hau hawa ɗayan a hankali, na ajiye mata kujera a bayan ginshiƙi.

Mai takalman nan ya tashi a watan jiya. Manaja ya hawo har shagona ya ce, “Hajiya, ga dama ta samu, ki sauko ƙasa, zan sa a bar miki a miliyan 1 da dubu 600.” Na bi shi muka je. An yi sabon fenti, an wanke tayil. Na durƙusa na shafa gindin bangon, fentin ya kumbura kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, yana ɓarewa a yatsana. Na leƙa magudanar, tana nan yadda take. Na ce masa zan ba shi amsa bayan Agusta.